Ruwan da Ya'u Bai Sani Ba

Ka taɓa ganin mutumin da sana'arsa ita ce shiga inda kowa ke neman fita? In ba ka taɓa ba, ka sauka Wara ranar kasuwa, ka bi hanyar da ta gangara bakin ruwa, ka tambayi masu bandar kifi inda Ya'u Mai Nutso yake zama. Ba za ka tambayi mutum biyu ba. Za a nuna maka wani dattijo siriri, mai jajayen idanu, wanda sai ka ɗaga murya kafin kunnensa na hagu ya ɗauki sallama.

Ya'u Basarke ne, gidansu masunta ne tun kaka da kakanni. An haife shi bayan an tare ruwa a Kainji, don haka bai taɓa taka tsohon ƙauyensu da ƙafa ba. Ta sama ya san shi, daga cikin kwalekwale. Mahaifinsa kan tsayar da tuƙi a tsakiyar tafki ya nuna ƙasa da baki, ya ce nan tsamiyar kasuwa take, can kuma kukar bayan masallaci. Itatuwan nan ba su faɗi ba. Suna tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau, kuma su ne ke fasa cikin jirgi in ya ɗauko kaya fiye da ƙima. In haka ta faru, wurin Ya'u ake rugowa.

Aikinsa ba shi da kaya da yawa. Igiya ce doguwa a ɗaure a ƙugunsa, sai ƙanensa Zakari a cikin kwalekwale riƙe da ɗaya bakin. In ya ja sau ɗaya, a ƙara masa igiya. In ya ja sau biyu, a jawo shi da abin da ya riƙo. Mutanen bakin ruwa sun ce waɗanda ya fiddo da rai sun kai talatin da huɗu. Waɗanda ya fiddo don a yi musu sutura kuwa, shi da kansa ya daina ƙirgawa da suka wuce ɗari. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Goro yake karɓa, da sabulu in an ba shi. A wurin Sarkawa wanda ya yi ciniki a kan mai nutsewa ya gama zubar da mutuncin gidansu, har jikokinsa za a riƙa yi wa gori.

Akwai kuma wata magana da ake gado a gidan. In jariri ya yi arba'in, babban gida yakan kai shi bakin kogi, ya tsoma shi sau ɗaya, ya ce ruwa ba ya cin ɗan gidan nan. Ya'u bai taɓa kiran wannan asiri ba. Cewa yake baiwa ce Allah ya yi musu, kuma hujjarsa a fili take, don ko tsofaffi ba su tuna wani ɗan gidan da ya mutu a ruwa ba. Da hannunsa ya tsoma 'ya'yansa shida.

Biyu daga cikinsu ne suka yi nisa a boko. Zulai'atu, babbar, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Yelwa. Sai Surajo, wanda tun yana ƙarami yake tambayar yadda ruwa ke zama wuta. Shi ne ya samu tallafin karatu zuwa wata ƙasar Turai mai manyan duwatsu, don ya koyo aikin madatsun ruwa. Ranar da zai tafi Ya'u ya yanka ƙaton kifi, giwan ruwa guda, bai sayar da ko tsoka ba. A can Surajo ya haɗu da Jamilu, ɗan manoman shinkafa daga Shanga, suka kama ɗaki ɗaya.

Wata Asabar bayan la'asar Zulai'atu ta zo gida, Surajo ya kira wayarta ta hoto. Aka taru a tsakar gida, mahaifiyarsu Inna Kande tana gyaran shinkafa a faifai. Surajo ya juya wayar wajen taga. Wani dutse ne ya tokare sama, fari fat daga gindi har ƙololuwa.

"Wanga fari duk gishiri na?" in ji Ya'u. "In gishiri na, ka aiko muna buhu goma, ga kifi shina lalacewa."

"Dusar ƙanƙara ce, Baba. Ruwa ne, sanyi ya daskarar da shi tun daga sama."

"Ruwa?"

"Ruwa zalla. In zafi ya zo shi ke narkewa ya cika musu dam."

Ya'u ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa tafki da safe kafin ya ce a fita ko kada a fita.

Surajo ya ce ɗaliban makarantarsu za su fara hawa dutsen, su yi wasan zamiya. Ana ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, mutum ya riƙe sanduna, ya sulalo daga sama har ƙasa. Inna Kande ta ajiye faifai ta ce ita dai ba karatun da ta sani ke nan ba. Surajo ya yi dariya, ya ce kowa na yi, har tsofaffi sa'o'in Baba. Abin da ya sa ya kira shi ne, an ce duk mai hawa ya nemi inshorar ceto tukuna. Katin asibitin da makaranta ta ba su magani kawai yake biya, bai shafi ɗauko mutum daga dutse ba. In ka sayi wannan kuwa, ka faɗi a inda mota ba ta zuwa, za a aiko helikwafta ko masu nema da karnuka, kamfani ya biya. In ba ka saya ba, za su zo, amma daga baya kai za ka biya.

Zulai'atu ta tambayi kuɗin, ta juya shi zuwa naira a ka. Na shekara guda bai kai kwando ɗaya na bandar tarwaɗa ba. Tashin helikwafta guda kuwa ya haura kuɗin jirgi da sabon inji.

"To mi kake jira?" in ji ta. "Ka saya yau."

Ya'u bai ji lissafin ba. Abu ɗaya ya shiga kunnensa mai kyau.

"Tsaya. Sayar da ceto sukai?"

"Ba haka ba ne, Baba, man jirgin ne da..."

"Mutum shina mutuwa a ce ina kuɗi? Kuma kai, ɗana, ka kai kuɗi tun ba ka faɗi ba, ka ce ga shi, in na faɗi ku zo? Ni da nike fiddo 'ya'yan mutane da goro biyu? Mi za a ce da ni bakin ruwa?"

Daga bayan Surajo aka ji muryar Jamilu yana gaisuwa, yana cewa shi kam ya riga ya saya.

"Kai dole ka saya," in ji Ya'u. "Ɗan tudu. Kakanka ko rijiya ya leƙa sai an yi mai rubutu."

Jamilu ya ce ai gara tsoron rijiya da warin kifi, aka yi dariya har da Inna Kande. Zulai'atu ce kawai ba ta yi ba.

"Baba, kai ma ai ba ka shiga sai da igiya."

"Igiyata Zakari ka riƙe da ita. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ba kamfani ba."

"Can ba shi da Zakari."

"Shina da abin da ya fi Zakari." Ya ɗaga wayar daidai fuskarsa. "Surajo, kai ka ce ruwa na. Ko ba kai ka faɗa ba? To ni na tsoma ka da hannuna. Ko shi tsaya, ko shi gudu, ko shi hau dutsi shi yi fari, ruwa bai cin ɗan gidanga. Bar kuɗinka ka ci abinci."

"To, Baba," in ji Surajo.

Daga baya Zulai'atu ta bi shi da saƙo har sau uku. Ya ce mata ya ji. Bai saya ba. Surajo bai taɓa tsallake maganar mahaifinsa ba, kuma wa ya sani, wataƙila a can ƙasan ransa shi ma ya yarda.

Hawa uku na farko lafiya lau. Hotuna suka riƙa zuwa, ga Surajo cikin jar riga mai kauri da faffaɗan tabarau, haƙora a waje. Ya'u ya sa aka wanke masa ɗaya a shagon hoto, yana yawo da shi a aljihu. Duk wanda ya zo sayen kifi sai ya gani. Yakan ce mu muna tafiya a kan ruwa da jirgi, shi kuwa da ƙafa yake yi.

Ran nan da hantsi, ranar aiki, yana zaune yana ɗinkin taru, sai ya hango Zulai'atu tana gangarowa da fararen kayan asibiti. Ya'u ya san tafiyar masu kawo labari. Wanda nasa ke da sauran rai da gudu yake zuwa, yana kiran sunansa tun daga nesa. Wanda ya fid da rai a hankali yake takowa. Ita ba gudu take ba, kuma ba ta yi sanyin masu fid da rai ba. Ya ajiye allurar.

"Shina da rai?"

"Yana da rai. Yana asibiti." Ta durƙusa gefensa, ta danna waya. "Ga Jamilu, gara ka ji daga bakinsa."

Muryar Jamilu a dushe take. Ya ce shekaranjiya da yamma, a saukowar ƙarshe, Surajo ya ce su bar hanyar da aka kafa wa tutoci su yanke ta cikin itatuwa, don sun ga sawun wasu. Ba su yi nisa ba ƙasa ta ƙare a gaban Surajo, ya faɗa wani kwazazzabo da dusa ta rufe bakinsa. Ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye, har ana ganin tudunsa ta cikin wando. A lokacin da sauran rana, sama a buɗe, waya kuma tana kamawa.

"To mi ya hana ka kira?"

"Na fiddo wayar, Baba. Ya riƙe mini hannu. Na ce a yi da tawa inshorar, ya ce ai sunana ne a kai, ni kaɗai ta rufe, kuma gaskiya ya faɗa."

"Sai mi?"

Jamilu ya soma magana, ya katse.

"Faɗi, ɗana. Na ji abin da ya fi wanga."

"Ya ce in helikwafta ya tashi, jirginka da injinka sun tafi. Ya ce in kama shi mu lallaɓa, gari ba nisa." Ya ja numfashi. "Ya ce kuma kada in damu, ruwa ne, ba ya cin ɗan gidanku. Da dariya ya faɗa, Baba. Wallahi da dariya."

Sun lallaɓa, amma dusa ta kai musu cinya, kuma duk taku ɗaya sai Surajo ya ciji hannun rigarsa. Gajimare ya sauko ya rufe su. Da Jamilu ya ce ko an yarda ko ba a yarda ba zai kira, sanyi ya riga ya kashe batirin wayoyin biyu. Ya jingina Surajo a gindin wata itaciya, ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓa masa, ya gangara shi kaɗai yana faɗuwa yana tashi har ya ga fitilar wani gida. Masu ceto suka fita nan take, amma jirgi ba ya tashi a wannan duhu da gajimare, iska kuma ta share sawu. Da ƙafa suka hau, su tara da kare ɗaya. Sai da gari ya waye karen ya gano shi.

Shugaban masu ceton wani dattijo ne mai gyaran famfo a garin, aikin ceto na sa kai yake yi. Ya ce wa Jamilu da sun kira tun faɗuwar, da kafin shayi ya huce an sauke shi a asibiti, karaya ce kawai za a ɗaure.

Ya'u ya miƙa wa Zulai'atu wayar. Ya ɗauki allurar, ya nemi inda ya tsaya a tarun, bai gane ba.

Abin da ya biyo baya jira ne. Zulai'atu ta yi musu bayani a tsakar gida, ba ta ɓoye komai ba. Sanyi in ya shiga nama, jini yakan daina zuwa, wurin ya mutu alhali mai shi yana raye. Likitoci ba sa gaggawar yanka. Sukan bari sai mataccen ya yi baƙi ya ware kansa daga mai rai, sannan su san inda wuƙa za ta bi. Ya'u ya san jiran gawa ta taso, ya zauna da iyaye da yawa a bakin ruwa suna wannan jira. Bai taɓa jin an jira rabin mutum ba. Makonni aka yi. Kullum Inna Kande sai ta tambaya ko baƙin ya tsaya, Zulai'atu ta ce bai tsaya ba tukuna.

Da ya tsaya, ƙafar hagu ta tafi daga ƙasan gwiwa, don karaya da sanyi sun haɗu a kanta. A ta dama an cire yatsu uku. A hannun dama, kan yatsu biyu, waɗanda yake riƙe alƙalami da su.

Kuɗin neman ma ya zo, don mutum tara da kare da motoci ba a banza suke kwana a dutse ba. Ɗalibai suka yi karo-karo, bai isa ba. Ya'u ya kwance injin daga jirginsa, shi da Zakari suka ɗora a mota zuwa Yelwa. Abin da yaron ya kwana cikin dusa don ya tsare, a rana ɗaya aka sallama shi.

Duk wannan lokaci Ya'u bai yarda ya yi magana da Surajo ba. In an kira sai ya ce a gaishe shi, ya fita. Ran nan Zulai'atu ta tare ƙofa da wayar a hannu, ta ce yau kam babu inda za shi. Ya zauna. Fuskar da ta bayyana ta rame, leɓe duk ya tsage.

"Baba, ina wuni. Ya ruwa?"

"Ruwa lafiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Sun ce za a yi mini ta roba, har gudu ana yi da ita." Surajo ya yi ƙoƙarin murmushi. "Baba, Yaya ta ce ba ka cin abinci. Ni na bar hanya fa. Tutoci na nan, na gan su, na bar su."

Uba ba ya ce wa ɗansa yi haƙuri a gidansu Ya'u, babu ma wanda ya taɓa jin yadda ake faɗarsa. Bakinsa ya motsa, abin da ya fito daban ne.

"Faɗa mani yadda shike. Ruwan nan. Yaya yaka kama mutum?"

Surajo ya yi ɗan tunani. "Da farko cizo yake, kamar an sa ƙafa a wuta. Daga nan sai ya daina. Sai ka ji daɗi, ka ji barci, har ka ji kamar ka cire riga. Masu ceton sun ce nan ne wurin mutuwa."

"Ba a kokawa da shi?"

"Babu abin kamawa, Baba. Ba ya ja, ba ya turawa. Zama kawai yake yi da kai."

Ya'u ya gyaɗa kai. Duk ruwan da ya sani yana da hannu, yana fizga, yana juyi, kuma mai fizga ana iya sanin dabararsa. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya miƙa wayar.

Washegari da rana tsaka ya je wurin masu motar da ke lodin ɗanyen kifi, ya sayi ƙanƙara dunƙule guda. Direban ya ce yau Baba Ya'u za a sha ruwan sanyi ke nan. Ya'u ya koma bayan rumfar Zakari inda ba kowa, ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa na dama a kai ya danna. Mutumin da ke iya riƙe numfashi har na cikin jirgi su fara salati, ya ce a ransa ba zai ɗaga ba sai ta narke. Cizon ya zo kamar yadda aka faɗa masa, ya bi ƙashi ya hau har gwiwar hannu. Ya cije. Ya karanta abin da ya sawwaƙa. Ko kwatan dunƙulen bai narke ba ya ga hannun ya janye kansa, ba da izininsa ba. Ga rana a tsakiyar ka, ga zufa tana zuba a bayansa, hannu ɗaya ne kuma kawai.

Zakari ya leƙo ya same shi riƙe da hannun a hammata.

"Yaya, lafiya?"

"Kwana guda ya yi cikinta," in ji Ya'u. "Duk jikinai."

Har yanzu yana nutso in an rugo, da jirgin tuƙi, don babu inji. Surajo yana can yana koyon tafiya, ya ce sai ya gama karatun zai dawo.

Kai da ka karanta wannan, ƙanƙara ba ta da tsada, ko'ina ana sayarwa. Sayi ɗaya yau, ka ɗora hannunka a kai, ka ga inda za ka kai. In ka ɗaga, kuma kana da wani naka a ƙasashen nan masu farin dutse, ɗauki waya da hannun da bai daskare ba. Tambaye shi ko ya sayi inshorar ceto, ba ta asibiti ba, ko sunansa ne a kanta, ko ta rufe shi in ya kauce hanya. In ya ce tsada, ka ce ya faɗi kuɗin, ka auna shi da kwandon kifi. Gwada, ka ji abin da zai ce maka.